Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Gidajen Rediyo Da Talabijin Na Jama'a: Ku Bar Ma'aikatanku Su Yi Tambaya Ta Biyu

Zuwa ga daraktoci, editoci da masu gabatar da shirye-shiryen siyasa a gidajen rediyo da talabijin da ake gudanarwa da kuɗin jama'a, a duk ƙasar da kuke.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, kamar yadda nake ba ku nawa safe da yamma. Ba ni da kujera a hukumar gudanarwarku, ba ni da katin wata jam'iyya. Ina cikin ɗimbin mutanen da ake biyan albashinku da harajinsu ko kuɗin lasisinsu, waɗanda har su koma ga Mahaliccinsu ba za su samu damar zama gaba da gaba da minista su tambaye shi abin da ke damunsu ba. Ku kuke samun wannan damar, kuma da sunanmu kuke samunta. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana kan yadda kuke amfani da ita.

Kukana guda ɗaya ne. Tambaya ta biyu ta yi ƙaranci a hirarrakinku na siyasa, a wasu gidajen ma ta ɓace ɗungurungum.

Ga yadda abin yake kasancewa. Minista ya iso sutudiyo, an maƙala masa makirufo a wuyan riga, jar fitila ta kama. Mai gabatarwa ya tambaye shi dalilin da ya sa asibitin da aka yi alkawarin buɗewa tun shekarun baya har yanzu bai karɓi maras lafiya ko ɗaya ba. Tambaya ce mai kyau. Minista ya gyara zama, ya gode wa gidan da ya gayyace shi, ya yaba wa shugaban da ya naɗa shi, ya ragargaji gwamnatin da ta shuɗe, ya lissafo sababbin asibitocin da ake shirin aza harsashinsu. Ya cinye minti huɗu bai ko ambaci asibitin da aka tambaye shi ba. Mai gabatarwa ya sunkuyar da kai kan takardarsa, har kana jin ƙarar juya shafi, sannan ya ce, “To madalla, ranka ya daɗe, bari mu leƙa fannin ilimi.”

Daga nan hirar ta mutu, ko da saura rabin sa'a. Mai sauraro ya san ba a amsa ba, minista ya san bai amsa ba, mai gabatarwa ma ya sani. Abin da ake buƙata ɗan kaɗan ne: “Ranka ya daɗe, wancan asibitin na tambaya. Yaushe za a buɗe shi?” Babu rashin kunya a ciki, babu ɗaga murya. Tambaya ta farko kowa zai iya yinta, mataimakan ministan ma sun hango ta tun kafin su baro ofis, sun kitsa masa amsarta. Ta biyun ce ba ta shiryuwa, domin daga bakinsa take fitowa, daga abin da ya faɗa da abin da ya tsallake. Ita ke nuna ko mai gabatarwa yana saurare, ko ya yi karatun takardu kafin ya shigo, ko kuma gidan ya ba shi izinin ya matsa.

Duk mai wannan sana'a ya ji labarin hirar da Jeremy Paxman ya yi da Michael Howard a shirin Newsnight na BBC a watan Mayun 1997. Howard ne ministan cikin gidan Birtaniya har zuwa farkon watan, lokacin kuma yana neman shugabancin jam'iyyar Conservative. Maganar ita ce ko ya yi wa Derek Lewis, shugaban hukumar gidajen yari, barazanar soke hukuncinsa kan batun wani shugaban kurkuku. Howard ya yi ta cewa bai soke hukuncin ba, Paxman ya yi ta mayar da shi kan abin da aka tambaya: ka yi barazanar sokewa? Sau 12 a jere. Daga baya Paxman da kansa ya ce rahoton da zai biyo bayan hirar ne bai kammala ba, aka ce ya ja lokaci. Ban kawo labarin don kowa ya zama Paxman ba. Sau 12 ya yi yawa, kuma da yawa cikin masu kwaikwayonsa sun ɗauki zafin sun bar natsuwar. Abin da nake so ku lura da shi shi ne Howard bai yi ƙarya ba, amsa ya bayar ga tambayar da ba a yi masa ba, kuma wanda bai kasa kunne sosai ba da ya karɓa ya wuce. Ƙwararren ɗan siyasa ba kasafai yake sharara ƙarya tsirara ba, a irin wannan ɗan lungun yake laɓewa.

Idan kuma ya sharara ta fa? A watan Agustan 2017, Nigel Lawson, tsohon ministan kuɗin Birtaniya, ya faɗa a shirin Today na rediyon BBC cewa alƙaluman hukuma sun nuna zafin duniya ya ɗan ragu cikin shekaru 10 da suka gabata. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma ba a tanka masa ba. A watan Afrilun 2018 hukumar Ofcom, mai sa ido kan kafafen watsa shirye-shirye a ƙasar, ta yanke cewa BBC ta saɓa ƙa'idar ingancin labari. Ba gayyatar Lawson aka kama gidan da ita ba, shirun da ya biyo bayan maganarsa ne laifin. Ina son wannan hukunci ƙwarai, domin ya warware wata rikitacciyar fahimta da ta zauna a ɗakunan labarai da dama, wai rashin ɗaukar ɓangare yana nufin ka miƙa wa kowa makirufo ka naɗe hannu. Idan baƙonka ya kawo adadi na bogi ka yi gum, ka riga ka ɗauki ɓangare, ka bi bayansa ka bar mai sauraron da ba shi da hanyar tantancewa. Ra'ayi ake raba wa lokaci daidai. Abin da za a iya dubawa a takarda kuwa, dubawa ake yi a faɗi abin da aka gani.

Na san ba adalci ba ne a jibga wa mai gabatarwa duk laifin. A kunnensa akwai muryar furodusa, a kan furodusa akwai edita, a kan edita akwai darakta, a kan darakta kuma, a ƙasashe da yawa, akwai ainihin ministan da ke zaune a kujerar baƙo ko abokin aikinsa, wanda da sa hannunsa ake naɗa darakta, da sa hannunsa ake sakin kuɗin wata. Yaron da ya ga an mayar da na gabansa sashen adana faifai saboda ya matsa wa wani babba ba sai an rubuta masa doka ba, ya riga ya koyi darasi. Saboda haka rabin wasiƙar nan taku ce, ranku ya daɗe, ku da ke saman bene.

Wannan ja-in-ja ya girmi dukkanmu. A lokacin yajin aikin gama-gari na Birtaniya a watan Mayun 1926, Winston Churchill, wanda minista ne a lokacin, ya so gwamnati ta karɓe BBC baki ɗaya. John Reith, shugaban BBC na lokacin, ya hana, amma da tsada ya hana, domin ya ƙi ba Ramsay MacDonald, jagoran adawa, damar magana a rediyon saboda gwamnati ba ta so. Shekaru 30 bayan haka, a rikicin mashigin Suez na 1956, firaminista Anthony Eden ya yi wa ƙasa jawabi, jagoran adawa Hugh Gaitskell ya nemi damar mayar da martani, BBC ta ba shi washegari duk da fushin gwamnati da barazanar rage kuɗin sashen da ke watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje. Gida ɗaya ne, ya durƙusa a wancan karon, ya miƙe a wannan. Abin da nake gani a ciki shi ne 'yancin gidan jama'a ba ya zama dindindin don an rubuta shi a kundi. Kowane darakta sai ya sake kare shi a zamaninsa, ranar da waya ta shigo daga ofishin minista.

Amma ban yarda a bar al'amari mai nauyi haka ga jarumtar mutum ɗaya ba. Jarumai ba su da yawa, kuma suna da iyali. Tsari ake so wanda ko matsakaicin mutum zai iya tsayawa a cikinsa. Jamusawa, da suka ga abin da Joseph Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya yi da rediyo, sun ɗauki wannan da gaske. A 1961 kotun tsarin mulkinsu ta rushe shirin Konrad Adenauer, shugaban gwamnati na lokacin, na kafa gidan talabijin da gwamnatin tarayya za ta riƙe akalarsa. A 2014 kotun ta sake yanke cewa wakilan gwamnati da na kusa da ita ba za su wuce kashi ɗaya cikin uku ba a majalisun da ke sa ido kan gidan talabijin na jama'a na ZDF. Kuɗin kuma daga gidajen mutane yake fitowa kai-tsaye, Yuro 18.36 a wata tun 2021, wata hukuma mai zaman kanta ce ke auna abin da ake buƙata. Jamusawan kansu suna da ƙorafe-ƙorafe a kan tsarin, wasu suna ganin kuɗin ya yi yawa, amma ministan da aka ƙure da tambaya ba shi da famfon da zai rufe da safe.

Kada a ce wannan sai Turai. Tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 163, ya wajabta wa kafafen gwamnati su ba da dama ta adalci ga ra'ayoyi mabambanta, ya kuma ɗora naɗin hukumomin gudanarwarsu a kan Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, da shawarar shugaban ƙasa. A 1993 gidan GBC na gwamnati ya ba jam'iyya mai mulki lokaci ta kare kasafin kuɗin shekarar, ya hana jam'iyyar NPP mai adawa irin wannan damar. NPP ta garzaya Kotun Ƙoli, ta kuma yi nasara. Yarjejeniyar Afirka kan watsa shirye-shirye da aka amince da ita a Windhoek a 2001 ta fito fili ta ce a mayar da gidajen gwamnati su zama na jama'a, masu hukumar gudanarwa mai cin gashin kanta, masu ba da bahasi ga jama'a ta hannun wannan hukumar. Sama da shekaru 20 ke nan. Nawa ne cikinku suka taɓa tsayawa gaban majalisa suka nemi a aiwatar da wannan? Akasari kuɗin sabbin kyamarori da motoci ake zuwa nema. Ina ganin darakta mai kishin gidansa ya kamata ya zama na farko da zai nemi a cire ikon korarsa daga hannun mutum ɗaya.

Inda aka bar ƙofar a buɗe kuwa, mun ga abin da ke shigowa. A watan Mayun 2016, ana saura 'yan watanni zaɓen ƙananan hukumomi a Afirka ta Kudu, Hlaudi Motsoeneng na gidan SABC ya hana nuna hotunan masu zanga-zanga suna lalata kayan gwamnati. Shi ne kuma ya taɓa neman kashi 70 cikin 100 na labarai su zama masu daɗin ji. 'Yan jarida takwas da suka ƙi yin shiru aka hukunta su, hukumar ICASA mai sa ido kan kafafen watsa shirye-shirye ta umarci a janye dokar, kotun ma'aikata ta ce korar da aka yi ba ta bisa ƙa'ida, a 2017 kuma shi kansa aka sallame shi. Waɗannan takwas ɗin sun sha wuya, har barazanar kisa an yi wa wasunsu, kuma su ne suka rufa wa gidan asiri. A Poland, dokar da aka yi a ƙarshen 2015 ta ba wani minista ikon naɗa shugabannin rediyo da talabijin na ƙasa, aka ɗora Jacek Kurski, ɗan siyasar jam'iyya mai mulki, a kan gidan talabijin na ƙasa, TVP, gidan ya koma kakakin jam'iyya. A watan Disambar 2023 sabuwar gwamnati ta zo ta kori shugabannin cikin gaggawa, ta hanyar da ita ma ta jawo rikicin shari'a, har tashar labarai ta ɗauke na wani lokaci. Wanda ya mayar da gidan jama'a makamin jam'iyyarsa, ga abokin hamayyarsa zai bar shi ranar da mulki ya juya. Ko don wannan kaɗai ya kamata masu mulki su so ku da 'yanci, kuma ku ne za ku riƙa tuna musu.

Yanzu gare ku, masu riƙe da makirufo.

Tambaya ta biyu ba a cikin sutudiyo ake samo ta ba, tun jiya da daddare ake nemanta. Wanda zai yi hira da ministan kuɗi bai buɗe kundin kasafi ba, bai san abin da aka ware bara da abin da aka saki ba, bai nemo faifan alkawarin da mutumin ya yi lokacin kamfe ba, ko yana da zuciyar matsawa ba shi da abin matsawa da shi. Za a jefo masa biliyoyi, ya gyaɗa kai. Na fi jin daɗin mai gabatarwar da zai ce cikin sanyin murya, “Ga abin da rahoton ma'aikatarku ya ce a shafi kaza, ya saɓa da abin da ka faɗa yanzu, wanne za mu ɗauka?” fiye da mai buga tebur. Takarda a hannu ta fi ƙarfin maƙogwaro. Ku kuma editoci, wannan yana nufin ku ba shi mai bincike da lokaci, kada ku sanar da shi da ƙarfe shida cewa minista zai zo ƙarfe bakwai.

Sai maganar aiko da tambayoyi. Babu laifi a gaya wa baƙo fannonin da za a taɓa, domin ya zo da alƙaluma. Amma a miƙa masa jerin tambayoyi kalma bayan kalma, a yi alkawarin ba za a kauce ba, ko mafi muni a karɓi tambayoyin daga ofishinsa, wannan wasan kwaikwayo ne aka yi wa mai sauraro da sunan hira. A watan Yulin 2024 wani gidan rediyo a Philadelphia ta Amurka ya raba gari da mai gabatar da shirinsa bayan ta bayyana cewa tambayoyin da ta yi wa Joe Biden daga kwamitin yaƙin neman zaɓensa suka fito. Ba gidan gwamnati ba ne, amma ya san abin da yake sayarwa shi ne yardar masu sauraro. Idan aka gindaya muku sharaɗi kuka ga hirar ta cancanci a karɓa duk da haka, to ku faɗa mana sharaɗin a farkon shiri. Mu ba yara ba ne, za mu auna.

Maganar ambulan ba na son tsawaita ta, kowa ya san ta. Ana kiranta kuɗin mota, ana kiranta alheri, ana cewa ba ta canza komai. Tana canzawa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne haɗiye tambayar da ya kamata a yi. Kundin ƙa'idojin Tarayyar 'Yan Jarida ta Duniya, wanda aka fara amincewa da shi a Bordeaux a 1954 aka faɗaɗa shi a Tunis a 2019, bai bar kafa ga wannan ba. Sai dai ba zan yi wa ɗan rahoton da ke bin albashin watanni wa'azi in ƙyale wanda ya riƙe albashin ba. Gidan da ya tura ma'aikacinsa ɗaukar rahoto bai ba shi kuɗin zuwa da dawowa ba, ya san a aljihun wa zai dawo. Haka nan lokacin da ɗan siyasa ya saya. Idan dokar ƙasarku ta yarda ku sayar, ku rubuta ɓaro-ɓaro, ku maimaita a farko da tsakiya da ƙarshe cewa an biya kuɗin wannan shiri, kuma kada muryar da ke karanta mana labarai ta zama ita ce ke yi wa mai sayen tumasanci. Idan kuka gauraya su, ba za mu ƙara sanin lokacin da kuke aiki da lokacin da kuke talla ba.

Akwai kuskure na ɗaya gefen, kuma ba zan ɓoye ba yana ba ni haushi daidai da na farko. Shi ne mai gabatarwar da ya ɗauka shi ne tauraron shirin. Yana katse baƙo kafin ya kai aya, yana neman ɗan guntun da zai yi yawo a Facebook da TikTok, yana auna nasararsa da yadda ya kunyata mutum. Mai sauraro ya tashi ya san an yi faɗa, bai san ko za a ƙara haraji ba. Ɗan siyasa yana da haƙƙin a bar shi ya kammala amsa idan amsar yake bayarwa, yana da haƙƙin ya ce batun yana da sarƙaƙiya idan da gaske yana da ita, har ma ya ce ya canza ra'ayi ba tare da an mayar da shi abin dariya ba. Idan kuka hukunta duk wanda ya faɗi gaskiya mai ɗaci, za ku wayi gari da 'yan siyasar da ba sa faɗin komai. Sannan ma'aunin ya zama ɗaya. Wasu suna ganin jarumta ita ce a tsananta wa gwamnati a lallaɓa 'yan adawa. Wanda ke neman mulki gobe shi ma a tambaye shi da wane kuɗi zai cika alkawarinsa, me ya yi lokacin da ya riƙe muƙami, kuma a jira amsa.

Na san abin da za ku ce, idan muka matsa ba za su sake zuwa ba. Gaskiya ne wasu za su ƙaurace. A watan Yunin 2004 Carole Coleman ta gidan RTÉ na ƙasar Ireland ta matsa wa George W. Bush kan yaƙin Iraƙi, Fadar White House ta kai ƙara ofishin jakadancin Ireland, aka kuma soke hirar da aka shirya da uwargidansa. Gidan bai rushe ba. A zaɓen Birtaniya na 2019 shugabannin manyan jam'iyyu sun zauna da Andrew Neil na BBC, firaminista Boris Johnson ya ƙi. Neil ya fuskanci kyamara ya gaya wa jama'a cewa an gayyace shi bai zo ba, ya kuma zayyano tambayoyin da ya tanadar masa. Johnson ya ci zaɓensa, wannan hukuncin masu ƙuri'a ne. Amma sun yanke shi suna sane da wanda ya zauna aka tambaye shi da wanda ya ƙi. Iyakar aikinku ke nan. Kujerar da ba kowa a kanta labari ce, ku ba da shi. Hirar da aka saya da alkawarin ba za a matsa ba, gara babu ita.

Dole in taɓo abin da ke faruwa kafin hira da bayanta, domin nan ne idon mai sauraro ba ya kaiwa, nan ne kuma amana ta fi nauyi. A watan Nuwambar 1995 mutane kusan miliyan 23 a Birtaniya suka kalli hirar Martin Bashir da Gimbiya Diana a shirin Panorama. Sai a watan Mayun 2021 binciken tsohon alƙali Lord Dyson ya tabbatar cewa da takardun banki na jabu Bashir ya samu yardar ɗan'uwanta, kuma binciken cikin gida da BBC ta yi a 1996 ya rufa-rufa ne. Jabun laifin mutum ɗaya ne, rufewar shekaru 25 kuwa laifin gida ne. Shirin dai na Panorama, a watan Oktoban 2024, ya haɗa gutsure biyu na jawabin Donald Trump na ranar 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayansa suka kutsa majalisar dokokin Amurka, gutsuren da ke da tazarar sama da minti 50, suka fito kamar jimla ɗaya. A watan Nuwambar 2025 babban darakta Tim Davie da shugabar sashen labarai Deborah Turness suka ajiye aiki. Ko me mutum yake tunani game da Trump da abin da ya faru ran nan, ba a sa wa mutum magana a baki da almakashi. Wanda ke zaune gaban kwamfuta da dare, yana yanke hirar minti 40 ta koma minti uku, yana iya cire “amma” guda ɗaya ya juya ma'anar magana baki ɗaya, ba wanda zai gan shi. Na yawaita misali da BBC ne saboda gida ne da ake tona kurakuransa a bainar jama'a har manya su sauka. Gidaje nawa ne ake irin wannan yankan kullum ba wanda ya ji?

Maganin wannan yana hannunku, kuma ba shi da tsada. Duk hirar siyasa da kuka tace, ku ɗora cikakkiyarta a shafinku na intanet ran nan, wanda ke shakka ya je ya kwatanta. Idan kun yi kuskure, ku gyara a cikin shirin da aka yi shi, a lokacin da masu sauraron da suka ji kuskuren suke kunne, kada a tura gyaran tsakar dare. Lokacin zaɓe ku riƙa fitar da lissafin mintocin da kowace jam'iyya ta samu duk mako, na labarai daban, na talla daban. Ku wallafa ƙa'idojin aikinku cikin harsunan da kuke watsa shiri da su, ku naɗa mai karɓar ƙorafi wanda ba ya ƙarƙashin editan da ake ƙara.

Ranar kuma da waya ta shigo daga ofishin minista cewa yaronku ya yi wa mai gida rashin kunya, ina roƙon ku nemi a aiko da ƙorafin a rubuce. Ku saurari faifan da kanku tare da editan shirin. Idan ma'aikacin ya yi kuskuren adadi ko ya ci mutunci, a gyara a fili, a ba da haƙuri. Idan kuwa iyakar abin da ya yi shi ne maimaita tambayar da ba a amsa ba, ku mayar wa ofishin amsa a rubuce cewa aikin da kuka ɗauke shi ya yi ke nan, ku ajiye kwafin wasiƙun biyu inda hukumar gudanarwa da majalisa za su gani, sannan ku bar sunansa a jadawalin hirar mako mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Mai sauraro